Bel huɗu a sanyi ɗaya: yadda aka gano abin da ke cinye bel ɗin babur ɗin ƙanƙara na wani masunci a Tafkin Great Slave

Wurin da mai aikin

Mutumin da wannan nazari ya shafa masunci ne mazaunin Hay River, garin da ke bakin kudancin Tafkin Great Slave a arewa maso yammacin Kanada. Tafkin shi ne mafi zurfi a nahiyar Amurka ta Arewa, mita 614 a inda ya fi zurfi, kuma tun 1945 ake kamun kifin sayarwa a cikinsa. Daskarewar ruwa ba ta tsayar da masunta. Ana huda ƙanƙara, a zura raga ta ƙarƙashi daga wannan rami zuwa wancan, a dawo a jawo ta da kifin da ta kama. A tsakiyar watan Disamba hasken rana ba ya kaiwa awa 6, kuma sanyin digiri 30 ƙasa da sifili ba labari ba ne a wurin.

Abin hawansa babur ɗin ƙanƙara ne irin na aiki, ba na tsere ba. Irin wannan ƙaramin abin hawa ya bazu ne bayan da Joseph-Armand Bombardier ya fito da Ski-Doo a garin Valcourt na lardin Quebec a 1959, kuma yau kamfanoni da dama ke ƙera shi. Na masuncin yana da inji mai girman sisi (cc) 600, da ƙafafu biyu masu sulɓi a gaba, da faffaɗar sarƙar roba mai faɗin santimita 50 a ƙarƙashi, da akwatin giya mai babbar giya da ƙarama da ta baya. Ya yi tafiyar kilomita 11,000 da 'yan kai. Ragoginsa na da nisan kilomita 25 zuwa 30 daga gaɓa. Da safe yana fita da amalanke mara taya, kusan wayam. Da yamma yana dawowa da ita ɗauke da kifi da kaya masu nauyin kilo 300 zuwa 400.

Abin da ke ƙarƙashin bonet

Babur ɗin ƙanƙara ba shi da kulocin hannu, kuma ba a canja masa giya ana cikin tafiya. Aikin biyun fuli biyu ne ke yin sa, da bel ɗaya da ya haɗa su. Kowane fuli faranti biyu ne masu gangara suna fuskantar juna, suka bar rami mai siffar harafin V a tsakani. Ɗaya farantin a kafe yake, ɗayan yana matsowa yana ja da baya.

Na gaba, wanda ake kira kulocin farko, a kan karanshaf yake. A cikinsa akwai ƙarafan nauyi da rola da sifirin. Idan inji na kan silo, sifirin na riƙe farantan a buɗe, bel na kwance a gindin rami ba abin da ya kama shi. Da an matsa totur, juyi ya ƙaru, ƙarafan nauyin sai su buɗe waje su tura farantin ya matse bel. A yawancin injuna irin wannan, kamun na faruwa ne tsakanin juyi 3,000 zuwa 4,000 a minti. Daga nan, duk yadda juyi ya ƙaru haka bel ke hawa sama a kulocin farko, ya nutse ƙasa a na biyu, giya ta yi ta tashi ba tare da tsalle ba.

Kulocin na biyu shi ke aika ƙarfi zuwa sarƙa. Yana da nasa sifirin da wani ƙarfe mai karkatattun hanyoyi wanda ke jin nauyin kaya. Idan hanya ta yi tauri, ko an shiga dusar ƙanƙara mai zurfi, wannan ƙarfe na matse farantan, bel ya dawo sama, giya ta sauko da kanta.

Abin lura guda: bel ɗin da gefensa yake kamu, ba da cikinsa ba. Roba ce da igiyoyi masu ƙarfi a tsakiya, faɗinta bai kai santimita 4 ba, kuma duk ƙarfin injin ta gefunan nan biyu yake bi. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin niƙa lokacin da aka cika masa hatsi, bel na zamewa yana ƙara yana warin roba, ya san farkon matsalar. Zamewa ke kawo zafi, zafi ke kashe bel.

Tsakiya zuwa ƙarshen Disamba: bel na farko da na biyu

Bel na farko ya tsinke a tsakiyar Disamba, a hanyar dawowa. Tsoho ne, ya ga sanyi biyu, don haka babu wanda ya tsaya bincike. Masuncin ya zare ragowar igiyoyin da suka nannaɗe a kuloci, ya ɗaura na ajiya, ya iso gida.

Na ajiyar mai araha ne, ba na kamfanin babur ɗin ba. An ɗaura shi yadda ya fito daga kwali, ba a wanke shi ba, kuma aikinsa na farko shi ne jan cikakkiyar amalanke. Bayan kimanin kilomita 400 babur ɗin ya fara dukan ƙasa-ƙasa lokacin tashi, kamar ana buga ganga a hankali, kuma bugun na ƙaruwa da gudu. Da aka cire bel aka tarar wuri guda mai tsawon tafin hannu ya sirance, gefensa ya ƙone ya yi santsi. Sauran jikinsa lafiya lau.

Irin wannan ƙuna tana da sanadi sananne: kulocin farko ya yi ta juyawa a kan bel alhali bel ɗin na tsaye. Masuncin dai ya ɗora laifin a kan araharsa, ya sayi na asali guda biyu.

Farkon Janairu: na asali da saitin tsauri

A wannan karon ya bi ƙa'ida. Ya wanke sabon bel da ruwan ɗumi da sabulu don cire maiƙon da ke fitowa da shi daga masana'anta, ya bar shi ya bushe sarai. Ya goge farantan huɗu da soso mai kaushi har baƙin roba ya fita, ya bi da tsumma mai sinadarin da ba ya barin maiƙo. Ya ɗaura bel ta fuskar da kibiyar jikinsa ta nuna.

Sai saitin tsauri. Ana ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan bel daga fuli zuwa fuli, a danna tsakiya, a auna yadda ya lotsa. Littafin babur ɗinsa ya ce kimanin milimita 32. Nasa ya lotsa 42. Bel mai sako-sako irin wannan yana sa babur ya tashi kamar a giya ta biyu: inji ya yi gurnani, jiki ya yi nauyi, bel ya sha wahala. Ya juya abin saiti da ke jikin kuloci na biyu, farantan suka matso, bel ya hau sama. Ya wuce gona da iri, ya kai shi 24. Sakamakon nan take ya bayyana: a kan silo bel na kuka, babur na rarrafe shi kaɗai, giyar baya na shiga da ƙyar. Ya sassauta zuwa 32, kukan ya tsaya.

Kilomita 50 na farko ya yi su ba kaya, yana canja gudu, bai cika totur ba, kamar yadda ake so a yi wa sabon bel.

Tashi ya gyaru ƙwarai. Amma a kilomita 500 da ɗoriya igiya ta fara fitowa daga gefe ɗaya na bel ɗin, ɗaya gefen kuwa ko gezau. Kwana kaɗan bayan haka ya fashe ana tafiya, ya tsaga murfin kariya. Wannan ya faru da yamma, kilomita 18 daga gaɓa, kuma canja bel da yatsu a irin wannan sanyi ba wasa ba ne: minti biyu ba safar hannu, yatsun sun daina jin magana.

Tsakiyar Janairu: canjin sifirin

Wani abokin sana'a ya ba shi shawarar ya sa sifirin mai tauri a kulocin farko, don kamun ya tashi daga kusan juyi 3,200 zuwa 4,200. Hujjar ita ce inji zai tara ƙarfi kafin ya kama bel, ya fizgi kaya lokaci guda. Masu tsere haka suke yi, kuma a wurinsu yana aiki.

Ya sa. Ba kaya, babur ɗin ya koma kamar sabo, yana zabura. Da kaya kuwa, kowane tashi sai an ji ƙara da wari. A kan ƙanƙara mai gargada, inda dole a tafi a hankali, juyin injin ya riƙa zama daidai bakin kamu, kuloci na kamawa yana saki. Bel na huɗu bai cika kilomita 300 ba. Gefensa ya yi ƙyalli kamar gilashi, kuma gefen da ya lalace a na uku shi ne ya sake tsigewa.

A makon ne kuma ya gwada cire murfin gefe don iska ta shiga. Ƙurar ƙanƙara ta shiga maimakon iska, ta narke a kan faranti mai zafi, bel ya jiƙe ya ƙara zamewa. Washegari ya mayar da murfin.

Ƙarshen Janairu: a gareji

Ya kai babur ɗin wurin wani makanike a gari, tare da gawar bel uku a buhu. Makaniken ya fara da su kafin ya taɓa sifana. Ya shimfiɗa su a kan tebur, ya lura cewa ciwon iri biyu ne. Ƙunar wuri guda daban, tsigewar gefe guda daban, kuma abin da ke kawo ɗaya ba shi ke kawo ɗayan ba.

Tsigewar gefe guda tana nuna fuli biyun ba sa kan layi. Ya ɗora ƙarfen auna layi, wanda ake zurawa tsakanin farantan kuloci na biyu ya miƙo har kan na farko. Awon ya fito daidai, saɓanin bai kai milimita 1 ba. Tazarar tsakiyar fuli da tsakiyar fuli ma daidai. A nan da yawa za su rufe bonet.

Shi kuwa ya ɗauko doguwar sandar ƙarfe, ya sa a ƙarƙashin injin ta ɓangaren kuloci, ya ɗaga a hankali. Injin ya motsa kusan milimita 5. Injin na zaune ne a kan robobi huɗu da ke shanye girgiza, kuma ta gaba a ɓangaren kuloci ta rabu da ƙarfenta gaba ɗaya. Da ido ba a gani, domin nauyin injin na danne ta a mazauninta. Idan babur na tsaye komai na kan layi. Idan aka matsa totur da kaya, bel na jan wannan ɓangaren injin baya, wajen kuloci na biyu, sai injin ya karkace. Farantan su daina fuskantar juna, gefe ɗaya na bel ya ɗauki kusan dukkan nauyin, tazarar fuli biyun ta ragu, bel ɗin da aka saita a 32 ya zama sako-sako daidai lokacin da aka fi bukatar kamunsa. Akwai wata 'yar roba a bayan injin da aka sa don tare irin wannan motsi. Ita ma ta cinye, ta bar rata mai faɗi.

Daga nan ya cire kulocin farko. Ba a dukan sa da guduma. A matse yake a kan bakin karanshaf mai tsini, kuma akwai dogon bol na musamman da ake ɗaurawa ya tunkuɗo shi. Buɗe shi ma sai da abin matsewa, don sifirin da ke ciki a danne yake, zai iya raunata mutum. A ciki an sami abu biyu. Bushin ɗin farantin da ke motsi ya cinye, farantin na rawa a kan shaf. Ɗaya daga cikin rola uku kuma ta daina juyawa, gefenta ya baje. Wannan ke nan turin da ake yi wa faranti ba daidai yake ta ɓangarori uku ba. Ƙurar bel ta cika ko'ina.

Kuloci na biyu da sauƙi. Sifirinsa lafiya, karkataccen ƙarfen ba shi da rami, 'yan robobin da ke zamewa a kansa sun ci rabi amma suna da sauran aiki. Boris ɗin shaf ba ya ƙara. Sarƙar ƙasa ta ɗan yi tsauri fiye da yadda littafi ya ce, aka sassauta ta.

Farkon Fabrairu: gyara

An jira kaya daga birnin Edmonton da ke kudu, tafiyar fiye da kilomita 1,000 ta mota. Da suka iso aka canja robobin mazaunin inji biyu na ɓangaren kuloci, da robar tare motsi, aka saita ratarta yadda littafi ya ce. An sa sabon bushin da rola uku duka, ba ɗaya ba, don nauyinsu da girmansu su zama ɗaya. An mayar da sifirin na asali. An wanke kulocin an busar, ba a shafa masa giris ko mai ba, domin an ƙera shi ya yi aiki a bushe, kuma maiƙo ko kaɗan ya kai ga faranti bel ya tashi aiki. An ɗaure bol ɗin kuloci da sifana mai awo, aka tayar da inji na ɗan lokaci, aka sake ɗaurewa. An sake auna layi, wannan karon har da gwajin sanda. Injin bai motsa ba.

Kafin gwaji makaniken ya ja layi da alƙalamin maka a kan farantan, daga gindi zuwa baki. Bayan gudu ba kaya, layin ya goge daidai a faranti biyun, har kusa da baki. Ma'ana bel na hawa har inda ya kamata kuma yana taɓa ɓangarorin biyu daidai wa daida. Bel na biyar ya sami wanki da kilomita 50 na lallaɓawa.

Tsakiyar Fabrairu: zafin da ya rage

Makaniken ya ara wa masuncin ma'aunin zafi irin wanda ake haskawa daga nesa, ya ce ya riƙa aunawa da zarar ya tsaya. Da safe, ba kaya, farantan kulocin farko na nuna digiri 45 zuwa 50. Da yamma, da cikakkiyar amalanke, sun kai 95. Layi ya gyaru, kuloci sabo fil a ciki, amma bel na ci gaba da dahuwa.

Sai aka koma kan yadda ake tuƙin. Tambayoyi kaɗan suka fito da abubuwa uku.

Na farko, kusan bai taɓa amfani da ƙaramar giya ba. Yana ganin tana sa inji ihu tana shan mai. A babbar giya kuwa, da kilo 400 a baya da gudun kilomita 15 a awa, bel na zama a gindin kulocin farko, inda da'irar ta fi ƙanƙanta kuma wurin kamu ya fi kaɗan. A ƙaramar giya, a wannan gudun dai, bel na hawa tsakiyar faranti, ya sami wurin kamu mai faɗi, kuma nauyin da ke kansa ya ragu sosai.

Na biyu shi ne daskarewa. Wurin jan raga a jiƙe yake. Ruwan rami na malala, kuma a tafki irin wannan akwai ruwan da ke tasowa ta tsagar ƙanƙara ya ɓuya ƙarƙashin dusar ƙanƙara. Babur da amalanke su tsaya awa ɗaya a kan wannan, sai su manne da ƙasa. Shi kuma yana hawa ya matsa totur har sai sun ɓalle. Waɗannan daƙiƙoƙi uku ko huɗu da sarƙa ke tsaye kuloci na juyawa su ne suka ƙone bel na biyu a wuri guda.

Na uku, da safe yana ɗumama injin amma ba ya ɗumama bel. Robar da ta kwana a digiri 35 ƙasa da sifili tauri take yi, ta riƙe siffar fulin da ta kwana a kai.

An canja ukun. Duk lokacin da akwai kaya, ƙaramar giya. Kafin tashi daga wurin raga yana girgiza ƙafafun gaba da hannu, ya ɗaga bayan babur ya sake shi sau biyu, ya ɓalle amalanken da sanda. Ya fara ajiye amalanken a kan itace biyu don kada ta taɓa jiƙaƙƙen wuri. Da safe yana ɗora bayan babur a kan abin ɗagawa, ya bar sarƙa ta juya a hankali kafin ya sauke. Wajen tashi kuma ya daina lallaɓa totur a bakin kamu: yana matsawa da niyya, kuloci ya kama sarai, sannan ya daidaita gudu. Bel na ajiya ya koma kwana a ɗaki.

Awon yamma ya sauko zuwa digiri 60 da 'yan kai.

Maris zuwa Afrilu: sakamako

Bel na biyar ya kai ƙarshen kakar kamun kifi, bayan kimanin kilomita 2,300. An sake saita tsaurinsa sau biyu, domin bel na sirancewa da aiki kuma lotsawarsa na ƙaruwa. Da aka auna shi a ƙarshe ya rage milimita ɗaya da rabi daga faɗinsa na sabo. Ana canja irinsa ne idan ya rasa kimanin milimita 3. Gefensa biyu sun ci daidai. Man da ake sha a hanyar dawowa bai ƙaru yadda ya ji tsoro ba. An cire bel ɗin kafin ajiyar bazara, aka bar robobin kuloci na biyu da sauran robobin mazaunin inji biyu a jerin aikin kaka.

Hukunci

Cikin bel huɗun da suka tafi, na farko ne kaɗai za a iya cewa shekaru suka ci shi, shi ma da shakka. Na biyu an zalunce shi da zargin araha. Ko na asali ne da haka zai ƙone a ƙarƙashin sarƙar da ta manne da ƙanƙara. Wankin bel da gogar faranti da saitin milimita 32 duk aiki ne mai kyau, kuma sun gyara tashi, amma an yi su ne a kan injin da ke barin wurinsa da zarar an ɗora masa nauyi. Canjin sifirin shi ne mafi muni a cikin gwaje-gwajen. An ɗauko maganin mai tsere aka ba mai dako, kuma ya ƙara tsawon lokacin da bel ke zamewa a gudun da mutumin ya fi yin aiki.

Abin da ya raba makaniken da sauran masu ba da shawara bai wuce biyu ba: ya karanta matattun bel ɗin ya ga ciwo iri biyu, kuma bai yarda da awon da aka yi babur na tsaye ba. Da ya tsaya a ƙarfen auna layi, da an canja bushin da rola an sallami mutumin, bel na biyar ya tsige ta gefen da na uku da na huɗu suka tsige.

Idan aka ce a auna wanne ya fi nauyi tsakanin lalacewar ƙarfe da yanayin tuƙi, ni na fi karkata ga tuƙin, duk da cewa robar mazaunin inji ce ta fi ɗaukar ido. Digiri 95 bayan an gama gyara shaida ce cewa gyaran shi kaɗai zai tsawaita ran bel ne kawai, ba zai kai shi Afrilu ba. Kuma robar ma ba haka kawai ta rabu da ƙarfenta ba. Kowace fizgar da aka yi don ɓalle amalanken da ta daskare, a babbar giya, ta kan bel take bi ta sauka a kan wannan robar ta gaba, kuma an yi shekaru ana yin hakan kowace yamma.